Ba Duk Mai Hular Kwano Ba Ne Injiniya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina gani a nan Legas, wanda ba kasafai nake jin an tattauna shi da harshenmu ba. Ni mutumin Arewa ne mazaunin Agege, kuma shekara 19 ke nan ina cin abinci a cikin manyan gine-ginen wannan gari. Da gadi na fara a ƙofar wani bene a Ikeja, daga nan na zama yaron wani mai aikin wayarin, yau kuma ni ne shugaban masu kula da injina a wani benen ofisoshi a Victoria Island.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a watan jiya wani dattijo da muke salla tare, ɗan kasuwar shanu da Allah Ya buɗa masa a mayankar Oko-Oba, ya riƙe hannuna bayan an idar da Juma'a, ya ce in je in duba masa gidan haya mai hawa 4 da ya gina, domin 'yan haya sun hana shi sakat da ƙorafi alhali gidan bai cika shekara 2 ba. Da na buɗe akwatin rarraba wuta da ke ƙarƙashin matakala, warin ƙonanniyar roba ne ya fara yi mini maraba. Wayar da aka ja wa na'urorin sanyaya ɗaki irin siririyar nan ce da ake ja wa ƙwan fitila, har ta yi baƙi a bakin kusoshi. Babu wayar da ke zubar da wuta cikin ƙasa idan an sami matsala. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa, bututun da ke kai ruwa tanki ta saman akwatin nan ya bi, kuma yana ɗiga a hankali.

Na ce, "Alhaji, wa ya zana wayarin gidan nan?" Ya ce injiniya. "Wa ya sayo kayan?" Injiniya. "Wa ya ja wayar?" Injiniya. "To, wa ya zo ya duba ya ce aiki ya yi?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ai shi ne dai. Yaron kirki ne, ko kuɗin mota ba ya karɓa."

Malam Edita, a wurin yawancin mutanenmu duk wanda ya kifa hular kwano ya sa riga mai ƙyalli injiniya ne, duk wanda ya karɓi kuɗin aiki kuma ɗan kwangila ne, shi ke nan magana ta ƙare. Alhali kuwa harkar kayan da ke raya gini, wato wuta da ruwa da sanyi da lifta da kariyar gobara da sauransu, kamfanoni ne iri-iri ke riƙe da ita, kowanne da iyakar aikinsa da hukumar da ke ba shi izini, kuma da gangan aka rarraba su domin wani ya zama ido a kan wani. Rashin sanin wannan rabe-rabe shi ke cinye dukiyar masu kuɗinmu a nan kudu, kuma shi ne ya tsayar da samarinmu a bakin ƙofa shekara da shekaru.

Kafin a sa diga a ƙasa akwai kamfanonin da ba sa taɓa siminti ko kaɗan, ilmi da lissafi kawai suke sayarwa. A cikinsu akwai masu zanen gini, waɗanda hukumar ARCON ke yi wa rajista, da injiniyoyin ƙarfin gini masu lissafa yawan rodi da kaurin ginshiƙi, da injiniyoyin lantarki da na injina, waɗanda duk suke ƙarƙashin COREN, hukumar da aka kafa tun 1970, sai kuma masu ƙiyasin kaya da kuɗin da aiki zai ci. Aikin injiniyan lantarki a wannan mataki shi ne ya zauna ya ƙirga na'urorin sanyi nawa za a sa, na'urorin dafa ruwan wanka nawa, injin tura ruwa mai ƙarfin nawa, sannan daga wannan lissafi ya fitar da kaurin wayar kowane layi da girman janareto da na taransfoma. Takwaransa na ruwa shi zai faɗi girman tankin da zai ishi mutanen gidan, da gangaren da bututun bayan gida yake bukata domin kada ƙazanta ta riƙa kwanciya a hanya. Amfanin wannan mutum, wanda masu gini da yawa suke ganin biyansa asara ne tun da ba su ga ya yi gumi ba, shi ne ba ya cin ribar ko kwabo idan an rage kaurin waya. Wanda zai sayo kaya ya ja wayar kuwa, duk abin da aka rage aljihunsa yake shiga. Idan aka haɗa wa mutum ɗaya zane da saye da aiki da dubawa, an ba kura ajiyar nama ke nan, ko da kuwa mutumin kirki ne, domin babu wanda zai ga kuskurensa, balle ha'incinsa.

Masu karatu za su tuna da benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wanda ya hallaka fiye da mutum 40, har da mai ginin. Daga cikin abubuwan da jaridu suka bankaɗo a lokacin akwai takardar da kamfanin injiniyoyin da ya fara sa ido a kan aikin ya rubuta tun a 2020, yana sanar da cewa ya janye hannunsa. Irin wannan takarda ita ce dalilin da ya sa ake ɗaukar mai sa ido daban da mai gini.

Su kansu masu ginin, manyansu sanannu ne, irin su Julius Berger, da kuma Cappa and D'Alberto wanda ke aiki a ƙasar nan tun 1932, kuma magina masu rajista suna da tasu hukumar, CORBON. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ko waɗannan manyan sukan yanka aikin wuta da na famfo da na sanyi su ba ƙananan 'yan kwangila da suka ƙware a kansa. Birkila daban, mai wayarin daban. A dokar ƙasa, mai karɓar kwangilar wayarin gini yana bukatar takardar shaidar ƙwarewa daga NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba ingancin aikin lantarki. Na tambayi Alhaji ko injiniyansa ya taɓa nuna masa irin wannan takarda, sai ya ce shi bai ma san ana tambaya ba. Ban ga laifinsa ba, domin da a kan saniya ne da babu wanda ya isa ya yi masa wayo.

Daga nan sai masu ƙera kaya da wakilansu, kuma a nan ne kuɗi ya fi zurarewa. Lifta a manyan benayen Legas yawanci ta Otis ce ko Kone ko Schindler ko Mitsubishi. Manyan janaretoci injinsu na Perkins ne ko Cummins ko Caterpillar, wasu ana shigo da su a haɗe, wasu kuma kamfanoni irin su Mikano da JMG ke harhaɗa su a nan gida. Na'urorin sanyi akwai na Daikin da Carrier da LG, sannan benayen zamani suna da kwamfutar da ke lura da wuta da sanyi da famfuna gaba ɗaya daga ɗaki guda, irin waɗanda Siemens da Honeywell da Schneider ke yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da wakilin da ya amince da shi, wanda ke ba da garanti, yake ajiye kayan gyara, yake kuma da ma'aikatan da aka horar a kan wannan injin takamaimai. Ɗan kasuwar kayan lantarki ta Alaba kuwa, tare da girmamawa gare shi, sayarwa ce sana'arsa, da zarar kaya sun bar shago hulɗa ta ƙare. Ba cewa nake yi kada a shiga Alaba ba, ni ma can nake zuwa, kuma akwai masu amana a ciki. Amma mai shiga ya san abin da yake nema.

Bari in ba da misali da waya, tun da ita na fi sani. Wani abin mamaki shi ne, a wannan fanni ma'aikata sun fi amincewa da ta gida, irin ta Cutix da ake yi a Nnewi da kuma ta Coleman, fiye da da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su. Akwai wata waya a kasuwa da idan ka kalle ta jar tagulla ce sak, ga araha, amma in ka sa wuƙa ka kankare bakinta sai ka ga fari ya bayyana, ashe gorar ruwa ce aka yi wa rufin tagulla. Ba ta ɗaukar nauyin da tagulla ke ɗauka, tana saurin zafi, kuma tana sassautawa a wurin ɗauri. A gaban Alhaji na kankare wani guntu da na yanko daga gidansa, ya karɓa ya jujjuya shi a tafin hannunsa ya daɗe bai ce komai ba. Haka nan na'urorin sanyi na hannu da ake saya a kasuwar Lawanson, da yawansu da tsohuwar iskar R22 suke aiki, wadda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa a jerin abubuwan da za a daina, kuma ƙasashe masu tasowa irin tamu wa'adinsu 2030 ne. Wanda ya cika gidan haya da su yau saboda sauƙi, ya sani cewa iskar da zai riƙa ɗura musu tsada za ta yi ta ƙarawa.

Duk waɗannan da na ambata suna gama nasu ne ranar da aka miƙa makulli. Daga wannan rana har gini ya tsufa, wasu kamfanonin ne dabam ke riƙe da shi, kuma su ne mutanenmu suka fi rainawa. Janareton dizal yana bukatar a canja masa mai da matata kusan duk bayan awa 250 na aiki, wanda a gidan da ake kunna shi kullum bai fi 'yan makonni ba. Legas kuma gari ne mai cin ƙarfe. A Lekki da Victoria Island iskar teku mai gishiri tana cinye na'urar sanyin da ke waje cikin 'yan shekaru idan ba a wanke ta, ruwan rijiyar burtsatse kuma yakan fito ja da tsatsa, wani wurin har da gishiri, shi ya sa akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai tace ruwa. Akwai kuma masu kula da injin sarrafa ƙazantar bayan gida, domin a wurin da in ka haƙa ƙasa kaɗan za ka tarar da ruwa, ramin sokawe irin na Kano ko Gusau ba ya aiki yadda aka saba.

Lifta da kariyar gobara su ne biyun da ba na yarda a yi wasa da su. Lifta tana da birki na musamman da ke damƙe ta a jikin dogo idan ta yi gudun da ya wuce ƙima, dabarar da ta samo asali tun daga Elisha Otis a Amurka a shekarun 1850, kuma tana da batir da ke kai ta hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa idan wuta ta ɗauke. Waɗannan abubuwa ba a sanin sun mutu sai ranar da aka bukace su, shi ya sa ƙa'ida ita ce kamfanin lifta ya riƙa zuwa a kai a kai yana gwadawa yana sa hannu a littafi, ko da babu abin da ya lalace. Ranar 1 ga Agusta, 2023, lifta ta faɗo da wata matashiyar likita daga hawa na 10 a masaukin likitoci na babban asibitin Odan da ke tsibirin Legas, ta rasu. Bayan haka gwamnatin jiha ta sallami kamfanin da ke kula da ginin, ta kuma dakatar da shugaban hukumar da ke lura da kadarorinta. Mai karatu ya lura da hannaye nawa ne a kan lifta guda: wanda ya girka ta, da wanda aka ba kula da ginin, da hukumar da ke saman su. Idan ba a rubuta a takarda wane ne ke da alhakin me ba, kowa sai ya zaci ɗan'uwansa ya duba.

Kariyar gobara ma haka take, sana'a ce mai zaman kanta. Mutanenmu da an ce kayan gobara sai su tuna da jar tukunyar nan da ake ratayewa a bango, wadda sau da yawa allurarta ta daɗe da faɗuwa ba wanda ya kula. A babban bene kuwa akwai na'urorin jin hayaƙi, da ƙararrawa, da bututun yayyafi a rufi mai ɗan kwalba ja da ke fashewa idan zafi ya kai digiri 68, da injinan tura ruwa guda uku, ƙarami mai riƙe matsin ruwa, da babba na lantarki, da na dizal domin ranar da wuta ta yanke. Na taɓa karɓar wani gini daga hannun wasu masu kula da shi, na tarar da injin dizal ɗin nan an yi masa sabon fenti yana ta ƙyalli, amma an cire batirinsa an kai wa motar ofis, tankin ruwan gobara kuma masu shara sun ja masa tiyo suna wanke-wanke da shi. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Kawai dai ba a taɓa ɗaukar kamfanin da aikinsa ne ya zo ya kunna injin ya ga ko zai tashi ba.

Wannan ya kawo ni kan kamfanonin da nake yi wa aiki, wato masu kula da gini dungurungum. Su ne sababbi a wannan harka a ƙasarmu, kuma su ne aka fi jahilta. Ba ejan ba ne mai nemo ɗan haya ya karɓi la'ada, ba kuma kiyateka ba ne mai karɓar kuɗin shara, haka nan sun bambanta da masu ƙiyasin darajar gidaje da filaye, waɗanda ke da tasu hukumar. Mai kula da gini shi ne wanda mai gida ke damƙa wa ragamar duk waɗancan kamfanoni: shi zai san ranar da za a yi wa janareto sabis, shi zai auna man da tanka ta kawo kafin a sauke da bayan an sauke, shi zai riƙe littafin lifta, shi zai kira mai feshin ƙwari, sannan a ƙarshen shekara ya baje wa 'yan haya lissafin kuɗin hidimar da suka biya. Wannan kuɗin hidima shi ne tushen rigima a kusan kowane rukunin gidaje a Legas, kuma gaskiya ita ce wani lokaci 'yan haya ne da gaskiya, domin a cikinmu akwai masu haɗa baki da direban tanka. Amma wani lokacin kuma lissafi ne kawai ya sauya a ƙarƙashin kowa. Man dizal, wanda mu a gida muke kira gas, ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, sannan a watan Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar rukunin A, masu alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. A gini irin namu wuta ita ce ke lashe kaso mafi girma na abin da ake tarawa.

Wannan tsada ce ta haifar da wani sabon ayari, kamfanonin sola da inbata, waɗanda yanzu suka yi yawa kamar jamfa a Jos. A cikinsu akwai ƙwararru na gaske, akwai kuma wanda jiya waya yake sayarwa. Batir mai yawa idan aka jibge shi a ɗakin da babu iska babu na'urar jin hayaƙi, haɗari ne aka ajiye a ƙarƙashin mutane. Gobarar da ta tashi a wani benen ofisoshi a titin Broad ranar 16 ga Satumba, 2025, wadda ta ci rayuka 10, rahotanni sun ce daga ɗakin inbata da ke ƙarƙashin ƙasa ta faro, hayaƙi ya bi benen ya cika shi. Tun daga ranar na sa aka fitar da kwalayen tsofaffin takardu da wani ofis ya mayar da ɗakin batirinmu ma'ajiyarsu, duk da cewa sai da muka yi cacar baki.

Sauran su ne kamfanonin shara da goge-goge, da masu feshi, da masu kwashe bola da ke aiki da izinin LAWMA, hukumar kula da shara ta Legas, da kamfanonin gadi, waɗanda dokar 1986 ta wajabta musu lasisi, kuma jami'an Sibil Difens ke sa ido a kansu.

To, ina Bahaushe a cikin wannan jeri? Malam Edita, ka zagaya Ikoyi ko Lekki ko Magodo da sassafe, za ka same mu. Mu ne a bakin ƙofa da buta da 'yar rediyo, mu ne masu haƙa ramin bututu, mu ne masu tura kurar ruwa, mu ne masu tsintar ƙarfe da tagulla mu kai kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin. Babu abin kunya a cikin ko ɗaya, da shi na fara kuma da shi na yi aure. Abin da ke damuna shi ne, maigadin nan sau da yawa ya fi kowa sanin ginin. Shi ke tashi ƙarfe biyun dare ya sauya wuta zuwa janareto, da kunne yake gane injin ruwa ya sha iska, ya san wane hawa ne ke yawan tsinke wuta. Amma ranar da mai gida ya ɗauki kamfanin gadi mai lasisi, shi ne farkon wanda za a sallama, domin ba shi da katin shaida, ba shi da mai tsaya masa, ba ya iya cike takarda, kuma duk ilmin nan da ya tara a shekara goma babu inda aka rubuta shi. Bayan da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, samari da yawa sun zo wurina neman aiki, kusan dukansu gadi suke tambaya. Babu wanda ya ce in haɗa shi da masu gyaran na'urar sanyi, ba don ba zai iya ba, sai don bai san cewa wannan kamfani ne mai ɗaukar yara ya koya musu ba.

Ni abin da ya fid da ni daga bakin ƙofa wani Bayarabe ne mai aikin wayarin, wanda ya lura cewa duk ranar da ya zo sai na tsaya a kansa ina kallo. Wata rana ya miƙo mini abin gwada wuta ya ce in riƙe, daga nan na bi shi shekara 4, sannan ya matsa mini sai da na zauna jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, daga mataki na 3 har na 1. Wannan takarda ita ce ta sa wani kamfani ya kalle ni. Hanyar nan tana nan a buɗe har gobe. Jihar Legas tana da kwalejojin fasaha a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado-Soba, ga kwalejin fasaha ta Yaba da ta kafu tun 1947, ga cibiyoyin ITF, asusun horar da ma'aikata. Agidingbi ba ta da nisa da Agege, amma ban san iyaye nawa ne a unguwarmu suka taɓa leƙa ta ba don 'ya'yan da aka haifa a nan, waɗanda suke jin Yarbanci da Turancin buroka kamar 'yan gari.

Masu kuɗinmu ma ina da magana da su. Muna da attajirai a harkar shanu da tireloli da canji da kayan gwari a Mile 12, amma a shekara 19 ban taɓa zama a teburin tantance 'yan kwangila na ga kamfanin gyaran janareto ko na tace ruwa mallakar ɗan unguwarmu ba. Ba zan ɓoye wahalar ba. Sai an yi rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, an mallaki takardun haraji, an yi wa ma'aikata inshora, kuma manyan kamfanoni sukan riƙe kuɗin aiki wata biyu ko uku kafin su biya, abin da ɗan kasuwar da ya saba da ciniki hannu da hannu zai ga kamar wasa da hankali ne. Sai dai kwangilar kula da injina ta shekara ce, ana sabunta ta, kuma ba ta da damina ba ta da rani. Jarin da zai kafa ƙaramin kamfanin wanke na'urorin sanyi da yara 6 da 'yar motar ɗaukar kaya bai kai kuɗin tirela guda ta shanu ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka turo wakilinka na Legas ya yini tare da mu a ɗakin injina, ya ga aikin da idonsa, ya kuma je waɗancan makarantu ya tambayo sharuɗɗan shiga da lokacin sayar da fom, a buga da Hausa. Haka nan ina kira ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 su riƙa ajiye rajistar samarin da ke da sana'ar hannu, domin su zama masu tsaya musu idan kamfani ya nemi wanda zai sa hannu. Rashin mai tsayawa kaɗai ya hana yara da yawa aikin da na riga na samo musu.

Game da gidan Alhaji kuwa, na haɗa shi da wani injiniyan lantarki mai rajista, wanda ya yini biyu yana aune-aune ya rubuta rahoto, ya karɓi kuɗinsa bai sayar masa da ko kusa ɗaya ba. Wani kamfanin dabam ne ke sake jan wayar yanzu, hawa bayan hawa, an kuma karkatar da bututun ruwan nan daga kan akwatin wuta. Sai da aka farfasa tayil da silin a ɗakuna da yawa, 'yan haya biyu sun tashi, kuma har yanzu Alhaji bai gama yafe mini kuɗin da na sa shi kashewa ba. Amma ranar Asabar da ta wuce ya aiko mini da ɗan ƙanensa mai shekara 17, wanda ke taya shi a mayanka, ya ce in kai shi wurin masu wayarin su ga ko zai iya riƙe musu tsani.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Agege, Legas.